Wane suna za mu ba macrophage da Hausa?

Likitan hanji: Muna shirya bayani kan yadda kansar babban hanji ke yaɗuwa zuwa hanta, sai wannan kalma ta tsaya mana. An kawo shawarar "sojan garkuwa", amma ban gamsu ba. Macrophage ƙwaya ce da galibi ke fitowa daga ɓargo ta shiga jini, cikin fararen ƙwayoyi, sannan ta shige nama ta zauna tana haɗiye ƙwayoyin cuta da matattun ƙwayoyi. Matsalar ita ce ƙari na iya saye ta. Yana fitar da sinadaran CCL2 da CSF-1 ya janyo ta, ita kuma ta saki sinadarin VEGF da ke tsiro masa sabbin jijiyoyin jini, da MMP-9 da ke narkar da naman da ya kewaye shi. Ta nan ƙwayoyin kansa ke faɗawa jijiyar da ke kwashe jinin hanji zuwa hanta.

Malamin Hausa: Likita, ai ka riga ka yanke. Idan ka ce soja, mai karatu zai ɗauka kullum tana bayanmu. A sa mata sunan aikinta: "haɗiyau", kamar yadda muke cewa mantau da makarau. Asalin kalmar ma a Girkanci "babba mai ci" take nufi.

Masaniyar garkuwar jiki: Allah gafarta Malam, da sauran gyara. Nutrofil ma, wata farar ƙwayar jini, tana haɗiya, sai dai ƙarama ce, ba ta daɗewa. A ce "babban haɗiyau", nutrofil ta zama "ƙaramin haɗiyau". Kuma kada a shafa wa macrophage baƙin jini gaba ɗaya. A kansar hanji an sha ganin yawanta a gefen ƙari ya zo da sakamako mai kyau, kuma irinta mazauna hanta, ƙwayoyin Kupffer, sukan cinye ƙwayoyin kansar da suka fara isowa, kafin daga baya kansar ta saye su. "Soja" a bar wa fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin T masu CD8, su ne masu kisa kai tsaye, su ne kuma maganin pembrolizumab ke kwance wa takunkumi. Shi ma kusan kashi 5 cikin 100 kacal na masu kansar da ta yaɗu ne ke da irin ƙarin da ke jin sa sosai.

Likitan hanji: To wadda ƙari ya saye fa?

Malamin Hausa: "Haɗiyau 'yar koren ƙari."

Masaniyar garkuwar jiki: A rediyo ya yi daidai. A takardar asibiti dai a rubuta "babban haɗiyau na cikin ƙari", don ba kowacce da ke ciki ce ta sauya sheƙa ba.