Suna Zaton Yana Cikin Ayari

Wani dattijo daga Tudun Wada, Jos:

'Yan'uwa cikin Almasihu, jiya da daddare na karanta wa jikokina ƙarshen sura ta 2 ta Bisharar Luka, inda Yusufu da Maryamu suka baro Urushalima ba tare da yaro Yesu ba. Labarin ya hana ni barci, shi ya sa na tsara waɗannan baitoci, kuma ina roƙon duk wanda zai amsa ya riƙe amsa-amon "da".

Disamba ta zo mana da hazo da ɗari,
Ƙararrawar Kirsimeti ta karaɗe gari,
Teloli ba barci, matan gida na shiri,
Ana cinikin kabeji da karas a Farin Gada.

Sai na tuna da Idin Ƙetarewa,
Yesu na da shekara 12 a wannan zuwa,
Iyayensa suka kama hanyar komawa,
Suna zaton yana ayari har yini guda.

Sai bayan kwana uku na tashin hankali
Suka same shi zaune a cikin Haikali,
Tsakiyar malamai yana tambayar dalili.
Mu fa, wa ya duba ɗansa a cikin gida?

Wata uwa daga Bukuru:

Baba, baitinka ya taɓa zuciyata,
Bara na wuni koyon waƙa a Zumuntar Mata,
Na dawo kan murhu, ban zauna na huta,
Ina aika shinkafa ga maƙwabta gida-gida.

Ashe 'yata tana kwance a cikin ɗaki,
Ta faɗi jarrabawa, tana kukan baƙin ciki,
Na ba ta sabon zane da takalmin biki,
Amma kunnena gare ta ya yi tsada.

Maryamu ta riƙe al'amuran a zuciya,
Ni kuwa na riƙe ludayi da tsintsiya,
Sai daren shiga sabuwar shekara, a kan hanya,
Ta faɗa mini muna dawowa daga ibada.

Wani matashi daga Unguwar Rukuba:

Baba da Mama, ina neman gafara,
Ku bar ni in yi magana a madadin yara,
Akan kira mu aike, ba a kiranmu shawara,
Da mun yi tambaya sai a ce mun ƙi al'ada.

Malaman Haikali sun zauna sun ji shi,
Ba su ce yaro ne ba balle su kore shi,
Bayan haka ya bi iyayen da suka rene shi,
Ya koma Nazarat yana biyayya da yarda.

Bulus ya rubuta wa Afisawa
'Ya'ya su yi biyayya, haka ne kuwa,
Amma a sura ta 6 akwai ƙarasawa,
An hana uba tsokanar ɗa, ku zama shaida.

Dattijon ya sake amsawa:

Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Mahaifina yakan karanta mana Littafi Mai Tsarki na Hausa, fassarar 1932, a gaban fitilar ƙwai, kuma ko da yake ya koya mana tsoron Allah, babu ɗayanmu da ya taɓa samun bakin yi masa tambaya. Yau na gane cewa na gaji karatun, na kuma gaji hana tambayar.

Ɗana, ka faɗi gaskiya, ban musa ba,
Absalom ɗan Sarki Dauda ya yi shekara 2 bai ga fuskar uba ba,
Suna gari ɗaya, sarki bai kira shi ba,
Kukan da ya zo daga baya ya karya Dauda.

Daren yau za mu zauna a kan tabarma,
Da kunun gyaɗa mai zafi da bargo ma,
Jikana zai karanta, ya yi tambaya kuma,
In ta fi ƙarfina mu kai wa fastonmu na Tudun Wada.