Ko dokinmu na gida zai iya jan garma?

Manomin Bukur:
Assalamu alaikum. Ina da ingarma ɗan shekara 4 wanda ba a hawansa sai da salla, amma dawa da harawarsa suna cin kuɗi duk shekara. Shin zan iya hore shi ya riƙa yi mini huɗa a gonar masara, kamar yadda Turawa ke yi da nasu?

Dattijon Naraguta:
Wa alaikumus salam, Malam. Dawakin da ke jan garma a Turai da Amurka, irin su Percheron na Faransa da Shire na Ingila, jinsi ne da aka daɗe ana zaɓa domin ja, kuma nauyin guda yakan kai kilo 900. Namu na Arewa ba ya kai rabin haka. Dabba kuwa ba ta jure yin ja wuni guda idan ƙarfin jan da ake buƙata ya zarce kusan kashi 1 cikin 10 na nauyinta, saboda haka garmar Emcot da bijimai biyu ke ja ta fi ƙarfinsa, balle a ƙasar Filato mai duwatsu.

Mai Barga:
Baba ya faɗi gaskiya game da huɗa, amma ba ita kaɗai ce aikin gona ba. A yankin gyaɗa na Senigal doki guda ne ke jan na'urar shuka da ƙaramar garmar cire ciyawa, domin ya fi bijimi sauri a ƙasa mai yashi. Sharaɗin farko shi ne kada a ɗora masa karkiya, domin doki da ƙirji da kafaɗa yake ja, ba da wuya ba. Faffaɗan ɗamarar ƙirji mai laushi ake ɗinka masa. A fara tun da rani. Mutum ya riƙa bin bayansa a ƙasa da dogayen igiyoyi biyu har dokin ya san muryar tafi da ta tsaya, sannan a ɗaura masa gungumen ice ya saba da ƙarar abin da ke biye da shi, bayan nan amalanke marar kaya. Dokin da bai koyi tsayuwa cik ba, kada a kusanta shi da ƙarfe mai kaifi.

Dattijon Naraguta:
Haka ne, ɗana. In ƙara da cewa aikin awa 2 kowace safiya ya fi na wuni guda a mako, kuma a duba ƙirjinsa kullum kafin gurzuwa ta zama miki. Ingarma yakan yi taurin kai idan ya ji warin goɗiya, don haka, Malam, ka nemi shawarar likitan dabbobi a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Bukur, kan dandaƙa kafin damina ta faɗi.