Matashin jariri na ɗinkin hannu: ta ina mai koyo za ta fara?

Sabuwar Hannu: Assalamu alaikum, yayyena. Ƙanwata ta kusa haihuwa, kuma ina so kyautar da zan ba jaririn ta zama aikin hannuna, wato ƙaramin matashi. Ban taɓa ɗinka komai ba in ban da maɓallin riga, ba ni kuma da keken ɗinki. Wane yadi ya dace, me zan cusa a ciki, kuma ɗinkin hannu zai jure wanki?

Goggo Mai Allura: Wa alaikumus salam, 'yata. Ki nemi yadin auduga zalla mai laushi, ki wanke shi ki goge kafin almakashi ya taɓa shi, domin auduga takan tsuke a wankin farko, kuma a nan ne za ki gane ko launinsa yana zuba. Ki yanka ƙyalle biyu daidai da juna, kamar santimita 32 a kowane gefe, ki haɗa su fuska da fuska, sannan ki ja layi da alli, santimita 1 daga baki, ki bi shi da allura. Ɗinkin da zai riƙe miki shi ne wanda allura ke komawa baya taki ɗaya kafin ta yi gaba, saboda ƙarfinsa ya kusa na keke, muddin ba ki yi masa manyan taki ba. Ki bar ƙofa mai faɗin tafin hannu a tsakiyar gefe guda, ba a kusurwa ba, don ta nan za ki juya matashin ki cika shi, ki datse bakin kusurwoyin huɗu ba tare da kin taɓa zaren ba, in ba haka ba za su dunƙule bayan kin juya shi. Audugar roba ta fi dacewa da ciki tun da tana wankuwa ta bushe da wuri, amma a riƙa yagar ta kaɗan-kaɗan ana fara cika kusurwoyi. Masu gaggawa, kamar yadda nake a da, sukan tura ta dunƙule guda, matashin ya fito da ƙulu-ƙulu.

Malama Mai Jinya: Bayanin Goggo ya gamsar ta fuskar ɗinki, sai dai akwai tambayar da ta riga allura: me za a yi da matashin? Idan don jariri ya yi barci a kai ne, ina roƙon ki sauya shawara. Likitocin yara sun yi ittifaƙi cewa yaron da bai cika shekara 1 ba a rigingine ake kwantar da shi, kan shimfiɗa mai tauri, babu matashi ko wani abu mai laushi kusa da shi, domin idan fuskarsa ta nutse ba shi da ƙarfin wuyan da zai ɗago ta. Hatta matasan da ake cewa suna gyara siffar kai, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansu a 2022.

Sabuwar Hannu: Wallahi na barci nake nufi, Malama. Ke nan in haƙura da aikin?

Malama Mai Jinya: A'a, ki mayar da shi matashin shayarwa, wanda uwa ke ɗorawa a cinya ya tallafi hannunta, jaririn yana farke ita ma idonta biyu.

Goggo Mai Allura: To, wannan ya fi girma, siffarsa kamar jinjirin wata, kuma yana son ciki mai tauri. Ki fara zana shi a takarda, ki yi ƙananan tsaga a bakin yadi wajen lanƙwasa don kada ya tattare. Kada ki sa duwatsun ado, maɓalli ko igiya, ki kuma ɗinka masa riga biyu masu baki mai hawa kan juna, tun da tumbuɗi ba ya jiran ranar wanki. Amma ki fara gwada hannunki a kan mai kusurwa huɗun da tsohon yadi tukuna.