Autarmu ta sake faɗuwa a lissafi: lesin taro, malamin gida, ko a jira?

Yayar Auta: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don wallahi kaina ya kulle. Autarmu ta gama sakandare bana. Tana da kiredit a Turanci, Bayoloji, Kimistiri da Fiziks, lissafi ne kaɗai ya ƙi: D7 a WAEC, E8 a NECO. Makarantar koyon aikin jinya take so, kuma ba za a kalli takardunta ba sai da aƙalla C6, wato mafi ƙanƙantar kiredit, a lissafi. Jarrabawar 'yan waje ta ƙarshen shekara ta wuce mu, saura wadda WAEC ke yi a farkon shekara, kusan wata uku ke nan. Abin da na tara daga ɗinki zai biya rajista, ya ɗan rage. In sa ta lesin taro a unguwa ne, ko in nemi malami ya riƙa zuwa gida sau biyu a mako? Ko wata uku ya yi kaɗan, gara a jira ta gaba? Ba ta da babbar waya, tawa muke amfani da ita da daddare. Wanda ya taɓa tashi daga D7 zuwa kiredit, don Allah ya gaya min yadda ya yi.

Ɗan Sabon Titi: Wa'alaikumussalam. Ki sa mata data a wayarta kawai ta shiga YouTube, komai yana can kyauta. Zamanin biyan malami ya wuce.

Maman Husna: Ɗan uwa, ka karanta kuwa? Ta ce yarinyar ba ta da waya.

Abu Sadik: Ai gwamnati ta cire lissafi daga sharaɗin shiga jami'a. Ku daina wahalar da kanku.

Malamin Aji Uku: Abu Sadik, sanarwar da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar a Oktoban 2025 ta shafi masu neman fannin adabi da dangoginsa ne. Aikin jinya kimiyya ne, lissafi yana nan daram. Kada ka sa su saki reshe su kama ganye.

Yaya, shekarata 14 ina koyar da lissafi. Kafin ki biya kowa ko sisi, yau da daddare ki ba ta tambaya biyu a takarda. Ta farko: 1/2 a tara da 1/3. Ta biyu: −3 a ɗebe 5. Idan ta ce miki 2/5, ko ta ce 2 ko −2, to ciwon ba na SS3 ba ne, tun daga JSS1 yake. Amsar 5/6 ce da −8. Irin wannan yaro ko an koya masa kwadiratik sau ɗari, zai gane hanya ya zo ƙarshe ya zubar da maki saboda alamar ɗebewa. Lesin taro ba zai tsaya mata a nan ba, can gudu ake yi don a gama manhaja. Idan kuwa ta ci su cikin sauƙi, matsalarta rashin yawan gwaji ce da saurin hannu, lesin taro ma ya ishe ta.

Sannan ta san fasalin jarrabawar. A WAEC, zaɓi-ka-cike tambaya 50 ne cikin awa ɗaya da rabi. Tiyori tambaya 13 ne cikin awa biyu da rabi, amma 10 za ta amsa: biyar na farko dole ne, maki 40, sai ta zaɓi biyar cikin takwas ɗin da suka rage, maki 60. Mai neman C6 ba sai ya iya komai ba. Ta riƙe istatistik, lissafin yiwuwa, zanen Venn, zanen giraf, da lissafin riba da kaso cikin ɗari, ta riƙe su da kyau. Kuma a tiyori ana ba da maki a kan hanya, ba a kan amsar ƙarshe kaɗai ba. Ta rubuta kowane mataki, ko da ta san amsarta ta karkace.

Yayar Auta: Malam, Allah Ya saka da alheri. Na ba ta. Ta farko ta ce 5/6 bayan ta daɗe tana lissafi, ta biyu ta ce 2. Da na ce ba haka ba ne sai ta fashe da kuka.

Baban Khalifa: Hajiya, ni ba zan yi maganar lesin ba, abin da ya same ni zan faɗa, don na san akwai waɗanda za su biyo ki ta bayan fage. Babban ɗana haka ya yi, lissafi ya kayar da shi. Wani mutum da muke salla masallaci ɗaya ya ce min akwai wata makaranta a wajen gari, in na biya rajista da "kuɗin taimako", kiredit kamar a aljihu yake. Na san ba daidai ba ne. Na sani sarai. Amma ga yaro a gida yana kallon abokansa sun tafi, ga uwarsa kullum cikin damuwa. Na sayar da tunkiya biyu da na ajiye don layya, na haɗa da bashi na kai.

Ranar jarrabawa aka rubuta musu amsa a allo. Yaron ya dawo yana murna. Da sakamako ya fito, na kowa a wannan ɗakin an riƙe, daga baya aka soke lissafin gaba ɗaya, don amsarsu iri ɗaya ce har da kuskuren da wanda ya rubuta a allo ya yi. Na je makarantar sau huɗu. Na farko aka ce ana bin lamarin, na biyu aka ce mai makarantar ya yi tafiya, na huɗu maigadi ya hana ni shiga. Mutumin da ya haɗa mu kuwa ya sauya masallaci.

Asarar kuɗin ba ta dame ni kamar abin da na koya wa ɗana ba. Wata shida ya yi bai buɗe littafi ba, saboda an ce masa ba sai ya yi karatu ba, kuma ni ubansa ne na kai shi. Da ya zo sake zama, ɗan abin da ya sani a da ma ya zube. Shekara biyu ya rasa. Har yau idan muka haɗa ido a kan maganar, ni ne nake sunkuyar da kai.

Maman Husna: Innalillahi. Allah Ya mayar maka da alheri, Baban Khalifa.

Ɗan Sabon Titi: Kai ma dai ba ka dace da santar jarrabawa mai kyau ba ne. Na san waɗanda suka yi suka wuce lafiya.

Baban Khalifa: Ɗan Sabon Titi, yarinyar nan aikin jinya za ta yi. Wata rana za a ba ta allura a ce ta auna gwargwadon nauyin jariri. Idan jaririn naka ne, wacce kake so ta riƙe sirinjin, wadda ta iya ko wadda aka rubuta wa a allo?

Hajiya Mai Atamfa: Gaskiya ka faɗa. Mu koma kan tambayarta. Ni malamin gida na ɗauka wa 'yata, 30,000 a wata, sau uku a mako, ta samu C4.

Abu Sadik: Dubu talatin? Hajiya an ga atamfa ne aka yanka miki. A unguwarmu 10,000 ɗaliban jami'a suke karɓa.

Maman Husna: Mu nan lesin taro 4,000 ne a wata, amma su fi sittin a aji, rabi a tsaye. Wanda ya zo gidanmu kuma 18,000 ya nema ban da kuɗin mota.

Hajiya Mai Atamfa: Na dubu goman na fara gwadawa ai. Yaro ne mai ƙoƙari, amma shi yake warware tambayar ita tana kallo tana cewa "na gane". Ranar da na ce ya ba ta alƙalami, ko layin farko ta kasa. Araha ba ta ado.

Bazazzagi: Ku Kanawa ba lissafi ne ba ku iya ba, ba a sa muku alamar naira ba ne. A rubuta x, shiru. A ce dila uku ta shadda, kafin malami ya juyo Bakano ya cire ribarsa har da kuɗin dako.

Hajiya Mai Atamfa: To ku da kuke taƙama da ilimi, ku zo kasuwar Kwari mu ga wanda zai koma gida da kuɗin mota.

Nas Mai Jiran Gado: Yaya, ni na bi wannan hanyar. D7 na samu a zama na farko, C5 a na biyu, yanzu ina aji biyu a makarantar jinya. Ban yi lesin ba, babu kuɗin. Littafin tambayoyin shekarun baya na aro wajen maƙwabciya, na shekara goma. Bayan sallar asuba, kafin in ɗora ruwan koko, awa ɗaya nake yi kullum. Ba karantawa nake yi ba, warwarewa nake yi, na rufe amsar da faranti don kada idona ya kai. Na sayi littafi mai shafi 40 na sa masa suna littafin kuskure. Duk tambayar da na faɗi, sai in kwafe ta, in rubuta a ƙasa da Hausa abin da ya kayar da ni: "na manta in juya alama da na ƙetare da lamba", "na karanta diyamita a matsayin radiyos". Bayan kwana uku in sake gwada ta ba tare da na duba ba. Da na yi wata ɗaya sai na ga kuskurena bai fi iri shida ba, su ne suke ta dawowa da sabon kaya.

Ranar Asabar kuma cikakkiyar jarrabawa nake yi, ƙanena ya riƙe agogo. Karon farko lokaci ya ƙare ina tambaya ta shida. A nan na koyi in tsallake wadda ta tsaya min in dawo daga baya. Abubuwan da suka gagare ni, kamar lissafin da'ira, sai in tara su in kai wa wani malami a makarantar da na gama, ya duba min a lokacin tara. Ki saya mata kalkuleta da kayan zane tun yanzu, kada ranar jarrabawa ta zama ranar da ta fara riƙe kamfas. Kuma kukan da ta yi, ki rarrashe ta. Ni ma na yi shi.

Injiniya A.: Da girmamawa, mutum ɗaya da ya ci C5 ba hujja ba ne. Ni A1 na ci, kuma na yi lissafi har matakin jami'a. Dole ta koma ta bi manhaja daga farko, babi bayan babi. Bin tambayoyin baya hadda ce kawai.

Maman Husna: Injiniya, wanda aka haifa da lissafi a ka bai san inda yake yi wa mutane ciwo ba. Wadda ta faɗi ta tashi ita ta san hanya.

Injiniya A.: To a bar wa malami magana, shi ne mai sana'ar.

Malamin Aji Uku: Manhajar shekara uku ba ta shiga wata uku, Injiniya. Tsarin 'yar uwa Nas shi nake ba ɗalibaina, amma wannan yarinyar tana buƙatar mako uku na farko a kan lambobi masu alamar ɗebewa da ɓangarorin lamba, da mutum zaune kusa da ita. Wani abu kuma da ba wanda ya ambata: tun 2024 wannan jarrabawa ta farkon shekara da kwamfuta ake yin ta. Zaɓi-ka-cike a kan kwamfuta, tiyori kuma tambaya a fuskar kwamfuta, amsa a takarda. Yaya, ta taɓa riƙe linzamin kwamfuta?

Yayar Auta: Sau ɗaya, ranar JAMB. Ta ce hannunta rawa ya riƙa yi.

Baban Khalifa: To ina za ta koya? Makarantar da ƙananan 'ya'yana suke, ɗakin kwamfuta a kulle yake shekara da shekaru, wai babu wuta. Malamin lissafi ɗaya ne daga SS1 har SS3. Zangon da ya wuce ya yi jinya, aka turo musu malamin aikin gona ya riƙe.

Malamin Aji Uku: Ajin da nake shiga da safe yara 94 ne. Idan na ba da aikin gida tambaya biyar, amsa 470 ke nan zan duba a aji ɗaya, kuma aji shida nake da su. Ga Turanci: yaro ya iya lissafin, amma bai gane abin da tambayar ke nema ba. Sai na faɗa da Hausa ka ga hannaye sun tashi.

Injiniya A.: Amma Malam ku ma ku faɗi gaskiya. Wasu malaman da gangan suke rage ƙoƙari da safe don yara su biyo su lesin yamma.

Malamin Aji Uku: Akwai masu yi, ba zan kare su ba. Amma ka tambayi nawa ne albashin, da ranar da yake shigowa. Ni da yamma Keke nake ja.

Hajiya Mai Atamfa: Iyaye ma da laifinsu. Taron iyaye da malamai na ƙarshe mu goma sha ɗaya ne muka je.

Yayar Auta: Na gode muku duka. Na aro littafin tambayoyin, ta fara yau da asuba. Amma har yanzu ban ji ba: in biya rajistar nan ta farkon shekara, ko a jira?

Abu Sadik: Malam, Keken naka ne ko balas kake kaiwa? Ina neman wanda zai ba ƙanena.