Kasko mara kamu: yadda ya kasance a hannunmu

Amarya daga Zariya: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. A cikin kayan kicin ɗin da aka yi mini akwai kasko mara kamu guda biyu, amma ban cika wata huɗu ba ƙaramin ya fara kama wainar ƙwai, baƙin shafen cikinsa kuma yana ɓarewa. Ina roƙon waɗanda suka daɗe da irinsa su faɗa mini abin da suka gani.

Maman Ummi, Kano: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Nawa na farko soson ƙarfe ne ya kashe shi, domin yarinyar da ke taya ni wanke-wanke ta ɗauke shi tamkar tukunyar dalma, ta dirje shi da toka har farin ƙarfen ya bayyana, ta kawo mini tana murna wai ta fitar da ƙanzo. Ban ga laifinta ba, haka aka koya mana duka. Na biyun ni nake wanke shi da soso mai laushi da ruwan ɗumi, kuma cokalin katako kaɗai ke shigarsa; yanzu shekararsa uku.

Hajiya daga Maraɗi: 'Yata, ki fi jin tsoron wuta. Shafen nan, wanda ake kira Teflon, yana fara lalacewa idan zafi ya haura digiri 260 a ma'aunin Celsius, kuma kaskon da aka ɗora a kan gas babu komai a ciki yana kai wa haka cikin 'yan mintuna. Na taɓa ɗora nawa na tafi amsa sallama, na dawo na tarar da wari mai hawa kai, tsakiyarsa ta dushe, kuma bai sake gyaruwa ba. Tun daga ranar na mayar da ƙosai da suyar nama kan kaskon ƙarfe da gawayi, shi kuwa ƙwai da dankali kawai, a wuta kaɗan.

Anti daga Kumasi: Ni ruwan sanyi na zuba masa da zafinsa, gindin ya lanƙwashe, mai ya koma taruwa a gefe guda. Wajen ajiya kuma ina shimfiɗa tsumma kafin in ɗora wani a kansa.

Amarya daga Zariya: Na gode ƙwarai. Da cokalin ƙarfe nake juya ƙwai, Maman Ummi. Wanda ya ɓare ɗin zan ajiye shi, gobe kuma zan aika kasuwa a sayo na katako.