Idan Yaro Ya Ce An Taɓa Shi

Idan yaro ya ce an taɓa shi ta hanyar lalata, abin da likitoci da ma'aikatan walwala suka fi nanatawa shi ne a bar yaro ya faɗa da bakinsa. A ce "Gaya mini abin da ya faru", ban da "Wane ne ya taɓa ka, ko?" Cusa wa yara amsa na cikin abin da ya dagula shari'ar zargin lalata da yara a makarantar ƙananan yara ta McMartin a Amurka, wadda ta ƙare a 1990 ba a samu kowa da laifi ba.

A rubuta kalmominsa yadda ya faɗe su, a rage masu tambayarsa. Jinkirin faɗa, ko janyewa bayan dangi sun yi masa ca, ba hujjar ƙarya ba ce. Gwajin asibiti kuwa sau da yawa ba ya nuna rauni, ko da an aikata.