Bizar bin miji waje alhali kuɗi bai kai ba: wa ya bi ta wannan hanya?

Amarya daga Ƙofar Ƙaura

Assalamu alaikum 'yan'uwa. An ɗaura mana aure a ƙarshen 2023, maigidan yana zaune a Bradford ta Ingila, yana da takardar zama ta dindindin, yana aiki a wani sito. Lokacin da muka yi aure ƙa'idar ita ce miji ya riƙa samun fam 18,600 a shekara kafin ya ɗauko matarsa, kuma ya haye wannan. Muna cikin haɗa takardu sai a watan Afrilun 2024 aka mayar da abin fam 29,000. Shi kuwa albashinsa fam 25,000 ne. Har yau ina ɗakin mahaifiyata, kayan ɗakina na nan a ƙulle cikin kwalaye, duk sunan da na je sai an tambaye ni yaushe zan tare. Kawuna ya ce zai ara mana kuɗi a zuba a asusuna na wata ɗaya, idan biza ta fito a mayar masa. Kafin in amsa masa ina son jin waɗanda suka taɓa yi. Don Allah kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa.

Anti daga Layout, yanzu a Leeds

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki yi wa Kawu godiya, amma kar ki karɓa. Abin da ya faɗa miki shi muka yi a 2022, kuma shi ya kayar da mu.

A lokacin maigidana bai daɗe da sauya wurin aiki ba, takardun albashinsa ba su cika ba, sai yayansa ya zuba mana kuɗi mai yawa a asusu. Da wata biyu muka shigar da takardu. Amsar da ta dawo gajera ce: kuɗin ajiya dole ya kwana wata shida cur a hannun miji ko mata, kuma ya zama nasu ne, ba rance ba. Kyauta ana karɓa idan an bayyana inda ta fito kuma ta yi wata shidan, amma kuɗin da za a mayar wa mai shi ba ya cikin lissafi. Kuɗin neman biza, sama da fam 1,500 a lokacin, ya tafi ke nan, ba a mayarwa. Harajin lafiya da ake biya tare da kuɗin bizar kaɗai aka dawo mana da shi. Na yi kwana uku ban iya cin abinci ba, domin sarƙata da 'yan kunne na gwal da mahaifiyata ta ba ni ranar kai amarya su na sayar muka cika kuɗin.

Ga yadda lissafin ajiya yake, ki zauna da biro ki duba naku. Fam 16,000 na farko ba a ƙirga shi ko kaɗan. Giɓin da ke tsakanin albashi da 29,000 za a ninka sau biyu da rabi, a ɗora a kan 16,000 ɗin. Naku giɓin 4,000 ne, ya zama 10,000, to sai kun nuna fam 26,000 zaune a banki wata shida. Wanda ba shi da albashi sam, fam 88,500 ake nema. Ki mayar da wannan naira ki ga ko akwai adashin da zai kawo shi.

Abin da ya fisshe mu shi ne maigidan ya ƙara aiki na biyu, Asabar da Lahadi. Ana haɗa albashin ayyuka biyu. Ya yi wata shida yana ajiye takardar albashi ta kowane wata, tare da bayanan asusun banki da ke nuna kuɗin ya shiga, da wasiƙa daga masu aikin. Ya rame, ban ɓoye miki ba, amma da muka sake nema an ba ni. A ganina naku giɓin ƙarami ne, aikin ƙarshen mako zai iya rufe shi.

Malam daga Daura

Ni namiji ne, kuma ni na bi matata, don haka ku yi haƙuri in sa baki. Ma'aikaciyar jinya ce, ta tafi Ingila da bizar ma'aikatan lafiya. Irin tamu hanya daban ce da ta Amarya, kada a haɗa. Wanda ke can da bizar aiki ba a tambayarsa 29,000 ɗin nan don ya ɗauko iyali. Abin da aka nema a kaina fam 285 ne a asusu na kwana 28, kuma mu ba mu biya harajin lafiya ba. Sai dai tun watan Maris na 2024 an hana masu aikin kula da tsofaffi ɗauko mata ko miji, haka ɗalibai masu digiri na biyu na karatun aji tun Janairun shekarar. Ina da aboki da ya sayar da fuloti ya tafi aikin kula da tsofaffi bayan an sauya dokar, iyalinsa har yanzu suna Daura. Kafin komai mace ta tambayi mijinta wace irin takarda yake zaune da ita.

Nauyin da na ɗauka ni na maganar mutane ne. An sha ce min mace ta ja ni. Na bar shagona a hannun ƙanena na tafi, kuma ban yi nadama ba.

Wata daga Sabuwar Unguwa

Nawa maigidan yana Jidda. Mutane na ganin Saudiyya kusa ce, amma zama da iyali a can kuɗi ne kowane wata. Tun 2017 aka sa harajin iyali a kan baƙi, ya faro daga riyal 100, daga 2020 ya tsaya a riyal 400 a kan kowane mutum a wata. Ni da yara biyu riyal 1,200 ke nan kafin a yi maganar haya da cefane. Kuma sana'ar da aka rubuta a igamar miji, wato takardarsa ta zama a Saudiyya, ita ke nuna ko zai iya ɗauko iyali zama ko ba zai iya ba. Da muka buga lissafi sai muka haƙura da zaman dindindin, ina zuwa da bizar ziyarar iyali in yi 'yan watanni in dawo. Yara na makaranta a nan Katsina. Ba haka na so ba, amma ba mu da bashin kowa.

Maman 'yan biyu daga Daura, yanzu a Kanada

Kanada ba ta gindaya wa miji wani adadin albashi don ya ɗauko matarsa. Yana sa hannu ne cewa zai ɗauki nauyinta shekara uku, kuma kada ya kasance yana karɓar tallafin gwamnati na marasa hali. Ta fuskar kuɗi mun samu sauƙi, mijina direban babbar mota ne. Mu inda muka kusa zamewa wajen ɗaurin aure ne.

Kun san yadda muke yi: waliyyi ya bayar, wakili ya karɓa, a yi fatiha, amarya na cikin gida, ango ma wani lokaci yana wata ƙasa. To tun 2015 Kanada ta daina karɓar auren da aka ɗaura ba tare da ango da amarya suna wurin da jikinsu ba. An riga an sa mana rana, shi ba shi da hutu, an shirya baffansa zai karɓa masa. Saura mako uku ya gano wannan doka ya kira mahaifina. Ranar gidanmu ya yi zafi. Baffannina suka ce tun kaka da kakanni ba a taɓa ɗage aure don takardar Bature ba, wata gwaggona ta ce alama ce yaron ba da gaske yake ba. Mahaifina, Allah Ya ƙara masa lafiya, ya yi shiru ya ji kowa, sannan ya ce a ɗage wata huɗu. Da angon ya zo aka ɗaura a zauren gidanmu, ina zaune daga ciki tare da ƙannen mahaifina inda shaidu ke ganina, aka ɗauki hotuna, muka sa hannu a takardar aure mu biyu a ranar. Waɗannan hotunan na cikin abin da muka tura. Duk mai ɗiya da za a aura daga Kanada ya san da wannan tun kafin a kawo kuɗin gaisuwa.

Hajiya daga Ƙofar Marusa

'Ya'yana, ni uwa ce, labarin ɗiyata zan ba ku, kuma har yanzu yana min ciwo. Wani ejan aka haɗa mu da shi, ya ce mu bar masa komai, shi zai samo takardar banki da ke nuna kuɗi. Ni ban yi boko mai zurfi ba, na ɗauka haka ake yi. Na sayar da raguna huɗu da nake kiwo, na ɗauki adashina, muka ba shi. Ashe takardar ta bogi ce. Masu ba da biza suka bincika a banki, suka rubuto cewa an yi yaudara. Wanda aka kama da takardar ƙarya a Ingila yana iya shan hanin shekara 10, kuma sunan yarinyar ne a kan takardar, ba na ejan ba. Da muka neme shi waya ta daina shiga. Mijin yanzu yana zuwa sau ɗaya a shekara, yana biyan lauya a can. Amarya, duk takardar da za ta shiga da sunanki ki karanta ta da idonki, ko ki samu ɗan'uwa na jini ya karanta miki.

Amarya daga Ƙofar Ƙaura

Allah Ya saka da alheri. Hajiya, Allah Ya warware wa ɗiyarki. Anti, ni malamar firamare ce a makarantar kuɗi, albashina ba zai shiga lissafin ba? Kuma ban da albashin miji, nawa zan tanada gaba ɗaya?

Anti daga Layout, yanzu a Leeds

Albashinki na Nijeriya ba ya shiga a neman farko. Ajiyarki tana shiga, albashi a'a. Sai kin je can kin fara aiki, lokacin sabuntawa a haɗa naku biyun.

A 2025 kuɗin nema daga waje fam 1,938 ne. Harajin lafiya fam 1,035 a shekara, bizar kuwa ta shekara biyu da wata tara ce, ana cajin shekara uku, fam 3,105 a dunƙule. Jimla ta ɗan haura fam 5,000, wato wajen naira miliyan 10 idan fam na kusa da dubu biyu. Ku duba farashin ranar da za ku biya, yana hawa. Wannan ban da tikitin jirgi.

Sai ƙananan da ke cinye mutum ba ya sani. Jarabawar Turanci matakin A1, magana da sauraro ne kawai, ba wuya, amma dole a cibiyar da suka amince da ita. Gwajin tarin fuka a asibitin da suka yarda da shi a Abuja ko Legas, takardarsa wata shida take yi ta mutu, don haka shi za ki yi a ƙarshe. Ni na yi shi da wuri, ya mutu muna jiran takardun albashi, na sake biya. Ɗaukar hoton yatsu ma Abuja. Sau uku na bi hanyar Funtuwa, Zariya, Kaduna, kowace tafiya da ɗan rakiya, kuɗin mota na mutum biyu. Ki nemi 'yan'uwa a Abuja da za ki sauka wurinsu, ki kuma haɗa gwaji da jarabawa a tafiya ɗaya.

Abu ɗaya da za ki fara tun yau ba tare da kin jira kuɗi ba: ki jera fasfo, katin ɗan ƙasa da takardar aure ki duba sunanki da ranar haihuwa. Ni a ɗaya an rubuta sunan mahaifina, a ɗaya sunan kakana, gyaran ya ci min wata biyu. Kuma kada ki goge hirarrakinku na WhatsApp da rasit ɗin kuɗin da yake turo miki, suna son ganin auren yana raye.

Amarya daga Ƙofar Ƙaura

Jiya da daddare na karanta wa maigidan duk abin da kuka rubuta. Ya ce akwai shagon da ke neman mai aikin Asabar da Lahadi, zai je Litinin. Idan ya samu, mun ƙirga wata shida daga albashin farko. Da safe na je na gaida Kawu na faɗa masa ba za mu karɓi aron ba. Bai ji daɗi da farko ba, amma da na yi masa lissafin Anti sai ya ce to ya ɗauki nauyin tafiye-tafiyen Abuja kyauta. Na duba takarduna kuma, shekarar haihuwata a katin ɗan ƙasa ta bambanta da ta fasfo da shekara ɗaya. Wanda ya taɓa gyara wannan a nan Katsina don Allah ya faɗa min ta ina ake farawa, da takardun da zan riƙe.